Gwiwar Alhaji Tanimu

Ku da kuka san Alhaji Tanimu ɗan kwangila a Abuja, kun san shi da manyan riguna da ƙaton tumbi da tafiyar ƙasaita. Abin da ba ku sani ba, can a ƙauyensu da ke saman tsaunin Mambila akwai wani tsoho da ya shekara bakwai cur bai amsa gaisuwarsa ba. Baffa Ilu ke nan, wan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya har ya zama mutum.

Kuma laifin ba na tsohon ba ne, gaskiya ɗaya ce. Tun ranar da Tanimu ya faso gari, gwiwarsa ta daina lanƙwasuwa. Wai wani likita ne a ƙasar waje ya hana shi durƙuso. Abin mamakin, gwiwar nan lafiyarta ƙalau idan an shiga ofishin mai ba da kwangila, har ƙasa take kaiwa ba ko ƙara. Sai an zo ƙofar gidan Baffa ciwon ke tashi. Ya tsaya ƙerere, hannu ɗaya a aljihu, ya ce, "Baffa ina wuni?"

Shi kuwa Baffa sai ya ɗaga kai ya dubi sararin sama, ya taɓa amininsa da ke gefe ya ce, "Malam Audi, kai ma ka ji wata murya daga can sama? Ko jirgi ne ke wucewa?"

Haka suke ta yi. Wannan bai durƙusa ba, wancan bai amsa ba.

Ana nan sai Tanimu ya sayo wata motar tsere, ja wur, mai kujera biyu kacal, ƙofarta sama take buɗewa. Ga kyau ga gudu, in ta yi gurnani sai ka ji a ƙirjinka. Aibinta ɗaya, a ƙasa take dab, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta wuce ƙarƙashinta. Shiga ba wuya, juya baya kawai zai yi ya saki jiki ya faɗa ciki tim. Fitowa ce tashin hankali. Mai jiki irin na Tanimu ba shi da wata dabara sai ya fara dafa ƙasa da tafin hannu, ya zuro gwiwar hagu, ya jawo ta dama, ya rarrafo waje, sannan ya kama ƙofa ya miƙe yana haki. Duk duniya babu wanda ya taɓa ganin wannan abin kunya, don kullum sai an rufe garejinsa yake fitowa.

Da motar nan ya shiga ƙungiyar wasu masu hannu da shuni, waɗanda aikinsu in an sami hutu su jera motocin tsere su tafi yawon buɗe ido. Bana sai suka ce Mambila za su hau, su ga duwatsu da gonakin shayi, su sha iskar da ba ta da hayaƙin janareto. Mota shida suka taso. Duk inda aka yada zango, Tanimu sai ya wuce can bayan masauki ya ajiye tasa, wai kada a goge masa fenti. Kowa ya yarda da wannan zance, ban da Injiniya Mudi, wani siririn mutum mai shegen sa ido, wanda bakinsa ba ya ajiye magana.

Da safe a garin Serti, suna shan shayi kafin su fara hawan dutse, Mudi ya ce, "Alhaji, ashe ta garinku za mu bi? Na ji an ce mutanen saman dutse har yanzu suna nan da ladabi irin na da. Yau dai za mu ga babban mutum a ƙasa."

Tanimu ya yi wata dariyar raini, ya ce, "Ni? Injiniya, gwiwar nan da kake gani ta manta hanyar ƙasa. In ka ga na durƙusa wa wani a garin nan, ka canza mini suna."

Mudi ya ce, "Jama'a kun dai ji. Ni har na fara zaɓen sunan."

Ai kuwa suka kama hanya. Wanda bai taɓa hawa tsaunin nan ba, ba zai gane ba. Titi ya yi ta nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, hagu bango dama rami, ramin da in ka leƙa ba ka hango ƙarshensa. Can suka tarar da gajimare kwance a kan hanya, suka ratsa ta cikinsa, suka ɓullo sama. Sai ga duniya ta buɗe: tuddai kore shar iya ganinka, shanu fari da ja sun bazu a kansu, itatuwan turare sun yi layi, iska mai sanyi tana kaɗawa. Abokan tafiya sai tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Tanimu kam ko gilashi bai sauke ba. Lissafin Baffa yake.

Wucewa ba tsayawa ba zai yiwu ba, don gidan Baffa a bakin titi yake, kuma jar mota irin wannan ba ta ɓuya. Kafin la'asar labari zai zaga dangi cewa Tanimu ya wuce ta ƙofar gida bai ko waiwaya ba. Tsayawa kuma ga Mudi. Sai dabara ta faɗo masa, har ya bugi sitiyari don murna. Ai ba sai ya fito ba! Zai ja motar har gaban tsohon, ya sauke gilashi, ya gaishe shi daga zaune. Zaune dai ba tsaye ba ne. Kuma yadda motar nan take a ƙasa, kansa ma ba zai kai kafaɗar Baffa ba. To a ce me?

Da hantsi suka iso. Baffa Ilu na zaune bisa benci a ƙofar gida, ya lulluɓa da bargo, shi da Malam Audi da wasu dattawa huɗu suna shan hantsi. Motoci biyar suka tsaya a gefen kwalta. Tanimu ya karya kan tasa, ya sauka daga titi yana ba ta wuta don kowa ya ji. Mata suka leƙo ta saman danga, masu shaguna suka fito.

Abin da ya manta, shekara bakwai da manyan jif yake zuwa gidan nan. Bai taɓa lura da ɗan tudun ƙasa da duwatsu da Baffa ya yi a ƙofar gida don tare ruwan damina ba. Tudun da ko akuya ba ta ɗaga ƙafa sosai in za ta tsallaka.

Ƙurrr! Ƙaƙas!

Motar ta hau tudun da cikinta ta zauna daram, taku uku daga ƙafafun Baffa. Tanimu ya taka mai, tayoyin baya suka yi ta juyi a banza suna watsa wa jama'a jar ƙasa. Ya sa ribas, ko gezau. Gumi ya karyo masa duk da sanyin nan.

Ya daure ya sauke gilashi, ya ƙaƙalo murmushi ya ce, "Baffa, ina kwana?"

Baffa ya dubi ƙasa, ya dubi Malam Audi ya ce, "Ikon Allah. Da daga sama muryar ke zuwa, yau kuma daga cikin gwangwani."

Mudi ya ƙaraso da sauran abokan, ya tsuguna ya gaida dattawa yadda ya kamata, suka amsa masa da fara'a. Sannan ya leƙa ƙarƙashin motar ya miƙe yana girgiza kai, fuskar nan kamar ta mai jaje, amma idanunsa rawa suke. Ya ce, "Alhaji, kashe ta. Wani dutse ya tokare tankin baƙin mai. Ka ƙara taka ta sau ɗaya, ya fashe, kuma duk tsaunin nan babu mai gyara irinta. Sai dai a ɗaga ta a sauke."

Tanimu ya ce, "To ku ɗaga mana!"

Ƙarti takwas suka kama, mahautan garin da masu lodin dankali. Suka ce, "Ya Allah!" Motar ta ɗan motsa ta koma. Suka sake, jijiyoyin wuya suka fito raɗa-raɗa. Ina! Babban cikinsu ya saki, ya share goshi ya ce, "Ranka ya daɗe, motar ba ta da nauyi. Kayan cikinta ne. Sai ka sauko."

"Ku ƙara mutum huɗu."

"Ko arba'in ne, Alhaji, babu wurin kamawa. Sai ka sauko."

Wayyo Tanimu! Ya dubi dama, ga Mudi ya harɗe hannu. Ya dubi hagu, ga Baffa ya gyara bargo ya zuba masa ido, karo na farko cikin shekara bakwai. Ƙofar direba kuwa, don ƙarin wulaƙanci, daidai saitin bencin take. Ya tuna tankin mai, ya tuna abin da ya faɗa a Serti. Zuciyarsa ta yi ta kai da kawo, amma a ƙarshe son motar ya rinjaya.

Ƙofa ta ɗaga sama. Tafin hannu ya fara fitowa ya dafa ƙasa. Gwiwar hagu ta biyo. Ta dama ta biyo. Tumbi ya ɗan maƙale, ya yi nishi ya fizge shi, hularsa ta faɗi ta gangara har ƙafar Malam Audi. Sai ga Alhaji Tanimu, da babbar rigarsa ta shadda, gwiwa biyu da hannu biyu a ƙasa, goshinsa saura kaɗan ya taɓa takalmin Baffa. Ya yunƙura zai tashi, ashe zaman awa uku ya kashe masa ƙafafu. Ya koma ya durƙushe.

Fuskar Baffa ta washe. Ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Lafiya lau, Tanimu! Lafiya lau, ɗana. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya iyali? Ya su Hajiya? Ya yaran, duk suna lafiya? Ya aiki? Ya Abuja? Ya zafinku na can?"

Gaisuwar shekara bakwai tsohon nan ya kwance, bai tsallake ko ɗaya ba. Dattawa na ta cewa madalla. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Mudi kuwa ya juya baya ya rungume itace, kafaɗunsa sai rawa suke.

Abin ya ishi Tanimu. Ya ɗago kai, idanu jajur, ya ɗaga murya yadda abokansa za su ji, ya ce, "Baffa, don Allah kada a yi mini wata fassara. Ni ba durƙusawa na yi ba. Haka ake fitowa daga motar!"

Baffa ya dubi motar sama da ƙasa, ya shafa gefenta a hankali, ya ce, "To madalla. Daga yau kada ka ƙara zuwar mini a wata motar."