Kwamfutar Hajiya da Hannun Dagaci

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Laraba a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa. Har yau in na tuna da ita ina cin abinci, sai in ji abincin ya fita raina.

Bari in fara da sunan da ya ja min. A gidanmu a Roni, Injiniya ake kirana. Dalili kuwa na taɓa yin 'yan watanni a wata 'yar makarantar koyon kwamfuta ta bayan layi, wadda tuni ta rufe aka mayar da ɗakin shagon ɗinki. Ɗalibai ɗaki cike, kwamfutoci ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, saboda haka yawancin ilimina daga bayan kafaɗar wani na hango shi. Amma na fito da takarda mai hatimi, kuma tun daga ranar duk wayar da ta ƙi tashi a unguwarmu wurina ake kawo ta. In kashe, in kunna, ta tashi, a ce, "Kai, Injiniya ke nan!" (Ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Wa ya ƙi?) Aikin yi dai babu. Sa'o'ina na ta aure, ni ina gindin darbejiya ina gyara wa mutane agogon waya.

Wanda abin ya fi damu shi ne Kawu Haladu, ƙanin mahaifiyata, wanda ke ɗauke da mu tun rasuwar mahaifina. Fataucin gyaɗa yake yi tsakanin Roni da Gwiwa da Kazaure. Shi ya ji labarin wata ƙungiya mai koya wa manoma yadda ake shanya gyaɗa da adana ta kada ta yi fumfuna, tana neman wanda zai riƙa kula da kwamfuta da majigi in an fita ƙauyuka. Da ƙafarsa ya je ofishinsu a Kazaure, ya samu shugabar aikin, Hajiya Rabi, ya ce mata yana da ɗa wanda kwamfuta ke jin tsoronsa. Ta ce to, a kawo ni a gwada ni rana ɗaya, in na yi, aiki nawa ne.

Bai tsaya nan ba. Dagacin ƙauyen da za a je ya riga ya ce ya gaji da masu zuwa su tara masa jama'a su ɗauki hoto su tafi. Kawu ne ya je ya durƙusa ya lallashe shi, ya ce waɗannan daban ne, kuma ɗansa ma yana cikinsu. Ka ga ke nan mutuncin Kawu rabi yana hannun Hajiya, rabi yana hannun Dagaci, duka biyun kuma a kaina aka jingina su.

Mun isa da hantsi, har da Kawu. Aji guda aka ba mu a makarantar firamaren garin, aka fitar da bencina, aka shimfiɗa tabarmi, aka toshe tagogi da buhuna don a samu duhu. Direba ya tayar da janareta a bayan aji. Hajiya ta buɗe kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, ta danna lambar sirrinta, ta haɗa da majigi, sai ga hoton gyaɗa ƙato a jikin bango. Muka juya muna gyara waya, kafin mu waiwayo allo ya rufe, yana neman lambar sirri. Ta buɗe. Muka sake juyawa, ya sake rufewa.

Ta ce, "Ka ga halinta ke nan. Da ka ɗauke hannu kaɗan sai ta kulle. Ni zan shiga gidan Dagaci in yi wa mata nasu bayanin, zan ɗan jima. In faɗa maka lambar ka riƙe?"

Kawu na tsaye a bakin ƙofa yana kallona, fuskarsa cike da fara'a. Da a ce ba ya nan, watakila da na ce to. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Haba Hajiya, ai ba sai kin ba ni sirrinki ba. Saiti ne kawai, yanzu zan raba ki da matsalar gaba ɗaya."

Na ja kujera na zauna irin zaman likita. Na lalubo inda ake saita lokacin barcin kwamfuta (wannan kam na taɓa hangowa), na mayar da shi kada ta taɓa yin barci. Na yi haka ga allon ma. Na kaɗe hannu na ce an gama. Hajiya ta ce madalla, ta gyara mayafi ta fita. Kawu ya bi ta da kallo yana cewa, "Ai na faɗa miki, Hajiya."

Tana ɓacewa na jingina da kujera, na harɗe hannu. Ban gama sakin numfashi ba sai na ga hoton gyaɗar nan a bango ya fara dusashewa. Na yi wuf na shafa ɗan faifan da ake sa yatsa, haske ya dawo. Na ce ƙila idona ne. Na sake ɗauke hannu, na zuba ido. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya sake dusashewa. Ashe haka take yi, ta ɗan rage haske kamar mai lumshe ido, in ba a taɓa ta ba ta kulle.

Na koma saiti, na ga abin da na gyara yana nan yadda na bar shi. Na yi ta shiga lungu-lungu har na tarar da ainihin wurin. Ashe barci daban, kullewa daban, ni kuwa barci na yi wa magani. Shi wurin kullewar ya yi fari-fari, ba ya dannuwa, ga wani ɗan rubutu a samansa yana cewa masu ƙungiyar ne kaɗai ke da ikon taɓa shi. Na danna, na sake dannawa, na danna da ƙarfi, kamar ƙarfi ne ya rage.

Na ɗauko wayata na kira Hajiya. Sai na ji ƙara a gefena. Wayarta tana cikin jakarta, jakar tana kan tebur kusa da gwiwar hannuna. Cikin gidan Dagaci kuwa ba wurin shigar ƙato irina ba ne, kuma ko da ana shiga, wa zan bar wa yatsa? Na sa direba ya miƙo min ɗan dutse na ɗora a kan maɓalli ɗaya, wai dabara. Hotuna suka kama gudu a bango, gyaɗa, buhu, rumbu, gyaɗa, kamar an kora su. Na cire dutsen da sauri.

Kawu ya leƙo. "Lafiya dai ko, Injiniya?"

Ga ƙofa a buɗe. Abin da kawai zan ce shi ne, Kawu, a aika wata mata ta karɓo min lambar nan wurin Hajiya. Magana ɗaya. Amma yaya mutumin da kwamfuta ke jin tsoronsa zai faɗi haka? Na ce, "Lafiya lau, Kawu, ina ɗan duba lafiyarta ne." Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, to ni ranar nawa rawanin har da kunnuwa.

Haka na zauna ina shafa faifan nan a kai a kai kamar mai lallashin jinjiri. Manoma suka fara shigowa suna zama a tabarmi, wasu Fulani dattawa suka jingina sandunansu a bango. Duk wanda ya yi sallama in amsa ido ɗaya a kansa, ido ɗaya a allo. Aji ya cika, zafi ya taso, yatsana ya fara sanyi don gajiya.

Sai aka ce ga Dagaci nan. Kowa ya miƙe. Ya shigo a hankali, tsoho ne dogo mai farin gemu, dattawan gari na biye da shi, Kawu na gefensa yana ɗan sunkuyawa. Na shafa faifan shafa ta ƙarshe, na sauko daga kujera na durƙusa a gefen tebur. Na ƙiyasta a raina cewa zai wuce wurin zamansa ne, in koma bakin aikina.

Bai wuce ba. Ya tsaya a kaina.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ne yaron da na faɗa maka. Ɗan marigayi Malam Idi na Roni."

Dagaci ya ce, "Ɗan Idi? Allahu akbar. Allah ya jiƙan Idi. Tare muka yi karatun allo da ubanka, yaro." Ya fara tambaya, ina mahaifiyarka, ina ƙannenka, yaya aka ji da haƙuri, gidan nan naku na bakin kasuwa yana nan? Ina amsawa, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Alhamdulillahi, ranka ya daɗe," amma zuciyata tana kan tebur tana ƙirga.

Daga nan ya yi abin da daga baya aka ce min ba ya yi wa yara. Ya sauya sandarsa zuwa hagu, ya miƙo min hannunsa na dama. Na ɗago hannuwana biyu zan karɓa. A daidai lokacin, ta bayan kafaɗarsa, na ga bango ya fara dusashewa.

Wallahi ban yi shawara ba. Ban san lokacin da na juya ba. Na dai tsinci kaina na zabura, na ba Dagaci baya, na kife a kan tebur ina shafa kwamfuta da hannu bibbiyu, har ina cewa, "Tsaya, tsaya!" (Da kwamfutar nake. Amma je ka yi wa aji guda wannan bayanin.) Haske ya dawo tar. Na yi ajiyar zuciya na waiwayo, har da ɗan murmushina na wanda ya ci nasara.

Hannun Dagaci yana nan a miƙe a iska, ba kowa a gabansa.

Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi," a hankali. Dagaci ya dubi hannunsa, ya mayar da shi cikin riga ba tare da gaggawa ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya juya wurin Kawu ya ce, "Haladu, yaronka yana da baƙuwar da ta fi mu. Kada mu takura masa." Ya juya ya fita.

In Dagaci ya tashi, wa zai zauna? Dattawa suka bi shi. Manoma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna laluben takalma. Fulanin nan suka ɗauki sandunansu. Kawu ya bi bayansu da sauri yana, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yaro ne, ranka ya daɗe," muryarsa na rawa. Ban taɓa jin muryar Kawu haka ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Ni kuwa ka san abin da na yi? Na koma kujera na ci gaba da shafa faifan. Ban san me ya sa ba. Ina ji dai tunda na riga na sayar da komai a kanta, ban iya barinta ta mutu ba. Haka Hajiya ta dawo ta same ni, tabarmi wayam, hoton gyaɗa na haskawa a bango, ni kaɗai a gabansa. Labari ya riga ya iske ta tun a cikin gida.

Ta daɗe tana kallona. Ta matso ta danna wani ɗan fim da ke cikin kwamfutar, ya fara tafiya, ta ce in ɗauke hannuna. Na ɗauke. Muka tsaya, allo bai dusashe ba.

Ta ce, "In fim yana tafiya ba ta kullewa. Da ka tambaye ni da na faɗa maka. Kuma ko ta kulle, sai me? Kwamfuta ce, ana buɗe ta. Shi wancan dattijon da ka rufe fa, wa ke da lambarsa?"

Muka naɗe waya, aka kashe janareta, muka kama hanya. Muka isa Roni. Da za su sauke ni ta ce Allah ya ba ni wani aikin, na ce amin, don na gane.

Kawu bai biyo mu ba, a garin ya tsaya yana bin dattawa gida-gida. Sai washegari ya dawo a kan acaɓa. Na je gaishe shi na durƙusa, ina jiran faɗa, ina ma roƙon Allah ya yi faɗan. Bai yi ba. Ya amsa gaisuwata, sannan ya ce, "Ni na yi laifi, da na yabe ka ban gwada ba." Wannan maganar ta fi mari zafi. Kakar da ta biyo baya bai sayi gyaɗa a ƙauyen ba, ba don an hana shi ba, shi ne ya kasa haɗa ido da su.

Ƙungiyar ta ɗauki wani yaro daga Babura. An ce rana ta farko ya tambayi Hajiya abu ya fi a ƙirga, har ta gaji da shi, kuma har yanzu yana nan yana aikinsa.

Ni dai abin da na tsira da shi bai taka kara ya karya ba, amma ga shi kyauta ga mai so. In ba ka san abu ba, ka faɗa tun mutane ba su taru ba, lokacin kunyar taka ce kai kaɗai. In kuwa babba ya miƙo maka hannu, ka kama da hannu biyu, ko da bayanka gobara ake yi. Allon kwamfuta in ya mutu, lambar sirri kawai yake jira. Kawuna kuwa har gobe yana amsa gaisuwata, amma bai sake kai sunana ƙofar kowa ba.