Ranar da Na Ɗora Doguwa a Kan Keke

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin rufe lakwal, wato makarantar boko, na shekarar da aka ɗauke ni aikin koyarwa na gwaji a Dogon Dutsi, zamanin Faransawa. Darekta ya faɗa mana ƙarara: kumandan, Baturen mulki, zai zo, kowane sabon mushe (haka ake kiran malamin lakwal) zai nuna abin da ya iya, wanda bai burge ba ya koma gona. Ni kuwa na riga na sayi takalmi sau-ciki, kuma ba a noma da shi.

A lokacin ina ɗaukar kaina mawaƙi (ni kaɗai nake da wannan ra'ayi). Sai na ɗauko tatsuniyar kakata, ta wata doguwar mace da ke zaune a gindin tsamiya tana tare 'yan mata a hanyar rijiya, na mayar da ita waƙar zamani. Na sare tsamiya na gina asibiti. Doguwar na sa mata farar riga, na ɗora ta a kan keke, tana bin ƙauyuka tana yi wa yara lambar agana. Da na karanta wa kaina, har tausayin sauran malamai ya kama ni.

Amshi kawai ya rage. Duk sanda kaka ta zo wurin waƙar doguwar, rufe baki take yi tana guna-guni, ni kuma na ɗauka tsufa ne ya cinye kalmomin. Na je wurin wani mai goge a bayan kasuwa ya ba ni su, na kuma gayyace shi ya raka ni da kiɗa.

"Mushe, cikin taro? Da rana tsaka?" in ji shi.

Na ce masa zamani ya canza.

"To, Allah shi sa ta samu labari."

Ranar biki fili ya cika. Gwaggona ta taso tun daga Dumega a kan jaki don ta gan ni. Baitin farko ya wuce lafiya. Da muka shiga amshi, goge ya ɗauka, sai na ga tsofaffi suna janye yara baya, na ce a raina girmamawa ce. Gwaggo ta fara karkarwa, ta ƙwalla ƙara, ta faɗi zaune daɓas. Na ƙara murya (Allah ya gani, na zaci daɗin waƙa ne).

Can ta miƙe ta nufo ni, ido a kafe. A nan na gane abin da duk Arewa ta sani ban da ni: amshin nan kirari ne da 'yan bori ke kiran Doguwa da shi, kuma ga ta ta amsa.

"Kai ɗan lakwal, kai kak kirai ni?" ta tambaya, da muryar da ban taɓa ji a gidanmu ba.

"Gwaggo, ni ne fa..."

"Babu gwaggo nan. Wa yac ce ma ina hawan keke?"

Na duba takardata, babu amsa a ciki. Ta ce in tuɓe takalmi in durƙusa. Na tuɓe, na durƙusa a gaban ɗalibaina, ina ba iska haƙuri, har da alkawarin zan mayar mata da tsamiyarta. Kunya ta kashe ni, tsoro kuma ya hana ni suma. Sai da ta gamsu ta yi atishawa ta sauka, ta bar min gwaggo tana neman ruwa.

Sai kumandan ya miƙe yana tafi shi kaɗai. Ya ce ta bakin tafinta bai taɓa ganin ɗan wasan da ya iya nuna tsoro kamar ni ba. A tabbatar da ni a aiki, kuma in shirya maimaitawa a Dosso gaban manyansa, tare da tsohuwar nan.

Aiki dai na samu. Satin tafiya Dosso wani ciwon ciki ya kwantar da ni, bai sake ni ba sai da mota ta tashi. Har yau ina ɗan taɓa waƙa, amma in zan gyara tatsuniya, sai na fara bincikawa ko mai ita tana nan cikin gari.