Zaɓen Farko na Yaya Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na miƙe a gaban mutanen unguwarmu ta Hindawiyya na yi wa yayana hisabin 'yan ƙwallonsa, alhali ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ina tsakiyar ciniki ne, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Sai na fara bayyana yadda muke yi, don wanda bai zauna Makka ba. Akwai ƙungiyoyin ƙwallo huɗu a unguwarmu, duk na samarinmu Hausawa, da haifaffun nan da waɗanda suka zo daga gida. Duk azumi ana yin gasa, dawra muke ce mata. Kafin ta, a cikin Sha'aban, ana yin zaɓe. Samarin da suka tasa a shekarar sai su jeru a jikin katangar fili, masu ƙungiya su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ita ce ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bara ita ke fara ɗauka bana. Kuma kullum samarin sun fi gurbin yawa, don haka in an gama akan bar wasu a jikin katanga, su yi ta kallon ƙasa har jama'a ta watse.

Yaya Sale gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma shi ke da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Saboda kusan kowace shekara shi ke fara ɗauka, sai aka sa masa suna Abu Awwal, wato Baban Farko. (Ba yabo ba ne, in ka duba dalilin da ke sa mutum ya fara ɗauka.) Shi dai dariya yake yi.

Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Ina tsaron wani shagon darduma da carbi a Misfala, kuma akwai talabijin a saman kanta, saboda haka na daɗe da ɗaukar kaina masanin ƙwallo. Duk shekara bayan zaɓe sai na same shi.

"Yaya, wai ido gare ka kuwa? Ga yaro yana gudu kamar mota, ka bar shi ka ɗauko wancan?"

"Auta," zai ce, "sha shayinka kada ya huce."

Haka muka yi shekaru muna yi. Ranar wata Talata yana kan aiki a unguwar Shisha ya dafe ƙirji ya zauna, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Bayan azahar aka sallace shi a Harami. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. Abin da kawai ya kamata in faɗa shi ne, a ranar ban ga fuskar kowa ba. An cika maƙabarta, an yi ta riƙe mini hannu, amma da za ka tambaye ni wa da wa suka zo, ba zan iya kawo mutum biyu ba.

Da Sha'aban ya kama, Baba Isyaku, dattijon da ke raba gardama a filin, ya aiko cewa a taru. Magana ɗaya ce: ko a sami wanda zai gaji ƙungiyar Sale, ko a rushe ta a raba 'yan wasanta ga sauran ukun. Da safen ranar na biya gidan Yaya. Ragar ƙwallayensa tana rataye a bayan ƙofa inda ya bar ta, da usur ɗinsa a ɗaure a jiki. Matarsa, Anti Rabi, ta biyo ni har bakin ƙofa.

"Auta, kada ka bari a share sunansa daga filin nan. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Kuma da gaske nake. A tunanina, mutane sun gaji da ƙungiyar da ba ta cin wasa, don haka hanyar ceton ta ita ce in nuna musu na san inda aka yi ta kuskure, kuma ni ne zan gyara. A cikin tasi na yi ta jera shekarun a kaina har muka iso.

An shimfiɗa darduma a inuwar katangar nan. Jama'a sun fi yadda na zata, har da Hamza, wanda ya fi kowa ƙwallo a tarihin unguwar, ya ma taɓa bugawa wani kulob a Jidda. Wani siririn mutum mai furfura a gemu yana zagayawa da butar gahawa. Baba Isyaku ya buɗe da addu'a, ya faɗi abin da ya tara mu, ya ce mai magana ya yi.

Na miƙe. (Ba wanda ya ce in miƙe. Kowa a zaune yake magana a wurin.)

Na yi wa Yaya addu'a, aka amsa. Sai na ce, "Amma jama'a, gaskiya ɗaya ce. Allah ya jiƙan Yaya, bai iya zaɓe ba. Kuma zaɓe ba a ranar ake auna shi ba, sai shekaru sun wuce an ga abin da kowa ya zama. To bari mu auna."

Na soma lanƙwasa yatsu. Shekarar da ya ɗauki Ɗanjuma, wanda in ƙwallo ta taso sama sai ya rufe ido ya duƙa, ya bar yaron da ya je ya ci wa wata ƙungiya kofi. Shekarar da ya ɗauki Idi mai asma, wanda ba ya kai rabin lokaci. Ɗanjuma da Idi suna wurin, na gan su sarai, amma na ɗauka za su gane aiki nake yi. Wurin ya yi tsit, ni kuwa na fassara shirun da cewa magana tana shiga.

"Amma duk wannan wasa ne," na ce, "in aka zo kan Musa Tulu. Wa ya manta Tulu? Mai tsaron gida ya cika raga da jiki, amma ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa tana tafiya a hankali kamar tsohuwa za ta masallaci. Shi Yaya ya ɗauka a zaɓen farko! Yau ina Tulu? Wa ya san inda yake?"

Siririn mutumin nan yana daf da ni, yana tsiyaya gahawa. Ya ƙarasa cika finjalin, ya miƙo mini.

"Tafaddal, ya Auta. Ga Tulun nan."

Na dube shi. Idanun Tulu ne. Ashe ciwon suga ne ya zuƙe shi tun da ya koma Jidda da aiki.

"Ci gaba, wallahi ba ka yi ƙarya ba," ya ce. "Ta tsakanin ƙafafun ta bi. Ni ma na tsaya ina kallonta."

Wasu suka yi 'yar dariya a ciki-ciki. Baba Isyaku bai yi ba. Ya ce, a hankali, "Shi ne ya sauka kabari ya karɓi ɗan'uwanka. Kana tsaye a kansa."

To a nan mai hankali zai zauna. Na san haka yanzu, kuma ina jin a lokacin ma na sani. Amma na riga na yi wa Anti Rabi alkawari, sai na ga kamar in na zauna yanzu ƙungiya ta tafi ke nan. Sai na ce, "Musa, ka yafe ni. Ba mutum nake zagi ba, zaɓe nake aunawa. Kuma na bi shekarun duka, babu wadda na tsallake."

"La, la," in ji Hamza. Hausarsa a cakuɗe take da Larabci, kamar ta yawancin haifaffun nan. "Ka tsallake wahda, guda ɗaya. Shekarar farko, da aka soma zaɓe. Wa Abu Awwal ya ɗauka?"

Ban ɓoye ba, kuma ban manta ba. Abin ya fi haka muni. Na buɗe baki, a gaban mutanen nan duka, na ce, "Ai ni ya ɗauka. Shi ya sa ban sa ta ba. Kurakurai nake lissafawa."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Idi ya yi ta yi har sai da ya laluba aljihu ya ciro abin shaƙarsa. Ɗanjuma ya kwanta a kan darduma. Baba Isyaku ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna girgiza.

"Ya akhi!" Hamza yana share ido. "Kai? Kai da ka ci gidanku a wasan farko, ka tafi da gudu kana murna? Har yau in yaro ya buga ƙwallo baya, me ake cewa a filin nan?"

Wajen mutum goma suka amsa tare: "Ta Auta!"

Wallahi na sha jin ana faɗin haka. Na ɗauka wani Autan ne.

Sai da dariyar ta lafa Hamza ya ci gaba, muryarsa ta sauka. Ya ce a ranar yana tsaye a tsakiyar layi, kowa ya san shi za a fara ɗauka, har ya ɗaga ƙafa zai taka. Sai ya ji an kira wani da ke can ƙarshen katanga, sabon zuwa daga Kano, da silifa a ƙafa, ba ya jin ko kalmar Larabci. Ya ce abin ya ci masa rai har bayan sallah, sai ya je ya tare Yaya a wurin aiki ya tambaye shi dalili.

"Ya ce da ni, 'Hamza, kai ko na bar ka, kafin in juya wani ya ɗauke ka. Shi fa?'"

Musa ya ajiye butar.

"Ni ma haka ya ce wa babana," ya ce.

Idi ya gyaɗa kai. Ɗanjuma ya tashi zaune yana kallon katangar.

Sai a lokacin na tuna ranar yadda take, ba yadda na daɗe ina ba kaina labarinta ba. Mahaifinmu ya rasu, Yaya ya yi ta fama da takardu har ya kawo ni. Na yi watanni a ɗaki ban san kowa ba. Shi ya ja ni zuwa filin ya ce in tsaya a layi. Na tuna yadda bulon katangar ke ƙona mini baya, da yadda na riƙa addu'a a gama in tafi. Duk abokan da nake da su a Makka a wannan azumin na same su. Maigidan shagon da nake tsaro ma baban wani ɗan ƙungiyarmu ne. Ni kuma duk shekarun nan ina cewa a raina, sau ɗaya dai Yaya ya yi ido.

Ina tsaye har yanzu, don ban san yadda ake zama bayan irin wannan ba. Baba Isyaku ne ya taimake ni.

"Auta, zauna ka sha gahawarka kada ta huce."

Na zauna. Na sha. Hawayen da ban yi a maƙabarta ba suka zo, kuma mutanen suka yi mini kara, kowa ya sami abin kallo a wani gefen.

Ba a rushe ƙungiyar ba. Musa ya ce zai riƙe ta, zai riƙa zuwa daga Jidda, Ɗanjuma da Idi su taimaka masa. Baba Isyaku ya tambaya ko akwai mai ja. Duk aka juyo aka dube ni. Na ce babu. Sai Musa ya ce ai ba za a bar ƙanen marigayi haka ba, a ba ni wani muƙami. Aka ba ni kawo ruwa.

Da na koma na karɓo ragar ƙwallayen, na ba Anti Rabi labari duka, ban rage ba. Ta dube ni ta ce, "Au, wai da ba ka sani ba? Ni na ɗauka kawaici kake yi." Ta kwance usur ɗin ta ce in kai wa Musa da hannuna.

Ranar zaɓe samari suka jeru. Akwai wani dogo a tsakiya, ko makaho ya san ɗan ƙwallo ne. Musa ya bi layin da kallo har ƙarshe, ya nuna wani gajere mai tabarau da ya maƙale a kusurwa. Bakina ya buɗe da kansa, na ji maganar ta taho har maƙogwaro. Na ɗebi ruwa a kofi na shanye.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka auna zaɓen wani, fara tambayar wa ya ɗauke ka daga jikin katanga, kuma kada ka amsa da kanka. Sannan in mutum yana zuba maka gahawa, dubi fuskarsa tukuna.

Har yanzu ni ke kawo ruwa. Bana ma mu ke da zaɓen farko.