Katangar Ɗakin Kaka a Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na gina ganuwa a gaban iyayen yara. Ni da nake iya gane malamin da ke tafe daga ƙarar takalminsa, wai ni ce abu mai kaurin mita uku ya wuce ta gabana ban gani ba.

Malamin kimiyyarmu ne ya koya mana wata manhaja da ke nuna yadda zafi ke ratsa abu. Ka zana katanga, ka ba ta kauri, sai ta fito da launi: ja zafi, shuɗi sanyi. Ya ce wadda aikinta ya fi kyau ita za ta wakilci makaranta a Kano. Ina son zuwa ƙwarai. Na zaɓi in nuna cewa ɗakin ƙasa na Kaka ya fi na bulo sanyi, don Baba magini ne, kuma shi ya gina shi.

Da hutu na auna katangar yadda Baba ke yi, da taƙi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Taƙi uku. Na dawo na rubuta 3 a gurbin kauri. Akwai wani ɗan harafi a gefen gurbin, na gan shi sarai, amma kunya ta hana ni tambaya (a lokacin ɗaga hannu a aji ya fi mini surfen gero wuya). Cikin ɗakin ya fito shuɗi shar. Har na ji kamar in yi guɗa.

Ranar nuni aka haska aikina a majigi. Ina magana ƙasa-ƙasa, Malam ya ce, "Juya mana ɗakin mu gan shi ta sama."

Na juya. Katanga ta cika allo, ɗakin kuwa ya zama ɗan rami a tsakiya, ko akuya sai ta shiga da dabara.

Baba, da ya taso tun daga bayan Ɗanbatta a kan babur, ya gyara hula ya ce, "Gafarta Malam, ni dai ɗaki na gina wa tsohuwa. Wannan kuwa ko yaƙi ake sa rai?"

Wani dattijo ya ce, "Magini, ƙasar gari duka ka kwashe?"

Aka kwashe da dariya. Malam ya nuna ɗan harafin nan, ya ce mita yake nufi. Na ja hijabi har hanci, ina ƙirga tururuwa a ƙasa.

Wata ce ta tafi Kano. Da na gyara lissafin daga baya, ɗakin Kaka ya fi sanyi ɗin, amma babu mai kallo sai ni.

Yanzu in kwamfuta ta yi saurin yarda da maganata, sai in fara zargin mu biyun duka.