Daraktoci Shida, Lebura Ɗaya

Allah ya yi mutane, ya kuma yi Garkuwan Ma'aikata. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya jira duniya ta raɗa masa, ta tsaya nawa. Masana'antar kujeru gare shi: rumfa ɗaya mai rufin kwano, kafintoci shida, da injin yankan katako wanda sai an lallashe shi yake tashi. Amma in ka ji shi a rediyo, sai ka rantse jiragen ruwa yake ƙerawa.

Ranar muhawarar albashi ya riga mai shara isa zauren taro. Ya karɓi makirufo kamar gadon ubansa.

"Jama'a, ma'aikaci ɗan'uwana ne. Abu uku ke cinye guminsa: kujerun robar ƙasar waje, baƙin da ke karya farashin aiki, da mugayen iyayen gida. A rufe iyaka, a ƙara albashi. Ni zan fara biya."

Aka yi ta tafi. Har ƙwalla ya share, bayan ya tabbatar mai ɗaukar hoto ya juyo wajensa.

To, baki shi ke yanka wuya. Iyaka ba a rufe ba, baƙi ba su tafi ba, amma dokar mafi ƙarancin albashi ta fito. Garkuwa ya sa tabarau ya karanta ta sau uku, gumi na keto masa, har ya hango wata 'yar ƙofa: dokar ta leburori ce, ba ta shafi shugabanni ba.

Washegari ya tara kafintocinsa. "Ƙarin albashi na ƙananan mutane ne," in ji shi. "Ni girma zan ba ku." Ya raba musu kati mai ruwan zinare. Tsohon kafinta, wanda ya shekara ashirin da biyu yana shaƙar garin katako, ya zama Daraktan Zarto. Aka samu Daraktan Ƙusa, Daraktan Fenti, har da Daraktan Rufe Ƙofa. Albashi kuwa ko motsi bai yi ba. Da tsoho ya kai katin gida, matarsa ta juya shi gaba da baya ta ce, "Malam, dafa shi ake yi ko soyawa?"

Ana nan wata makaranta ta ba Garkuwa aikin benci ɗari biyu, a kai cikin mako biyu, in ya saɓa a ba baƙon kafintan da ke tsallaken titi. Wannan kuwa, gara a ce masa rumfar ta ƙone.

Ya shigo da sassafe yana mazurai, sai ya ji shiru. Ga daraktoci shida a kan kujerun sayarwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wa zai yanka katakon nan?"

"Ranka ya daɗe, taro muke yi," in ji Daraktan Zarto. "Shekara ashirin da biyu ina kallonka, ban taɓa ganin shugaba riƙe da zarto ba. Amma mun kafa kwamiti."

Abin da babba ya yi, shi ƙarami ke koya. Garkuwa ya haɗiye girman kai, ya tsallaka titi neman aron ma'aikata. Baƙon ya ba shi kujera, ya ce, "Bismilla, maƙwabci, ɗauki ko nawa. Albashin doka nake biyansu, za ka iya?" Garkuwa ya dawo yana faɗa wa mutane kishin ƙasa ne ya hana shi karɓa.

Ya tuɓe rigar taro, ya kama zarto da kansa. Mako biyu suka shuɗe, tafin hannu duk bororo, benci huɗu, kowanne na ɗingishi. A tsallaken titi kuwa motar makaranta ta riga ta tsaya ana lodi.

Ran nan jami'ar duba ma'aikata ta iso, sabuwa ce, ba ta san kowa ba. Ta gaisa da daraktoci, ta duba katinsu. Sai ta hango wani dattijo a lungu, daga shi sai singileti, garin katako har cikin kunne.

"Wancan bawan Allah fa?"

"Shi kaɗai ne leburanmu," in ji Daraktan Zarto.

Ta matsa kusa cikin tausayi. "Baba, ana biyanka albashin doka kuwa?"

Garkuwa ya buɗe baki. Kafin jawabi ya fito, aka riga shi.

Daraktan Zarto ya gyara zama. "Muna duba lamarinsa, ranki ya daɗe. Amma tsakani da Allah, aikinsa bai kai ba."