Tukunyar Gas da Jar Motar Nasiru

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da jar motar Nasiru ta iso ƙofar gidanmu a Yelwa ba. Ko ma na so in manta, mutanen unguwa ba za su bar ni ba.

Nasiru ƙanena ne, autanmu. Tun da Inna ta rasu ni na ƙarasa rainonsa, shi ya sa har yau, da gemunsa da aikinsa a Kaduna, ba ya sayen wani babban abu sai ya ji ta bakina. Ba don ilimi ba ne (aji huɗu na yi a firamare, shi ma rabinsa a bakin ruwa na yi shi, ina taya Inna shanyar kifi). Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina zaune a ɗaki zan gaya miki jirgin wa ya taso daga bakin ruwa, daga ƙarar injinsa kawai. Ina jin takun takalmi a zaure na san ko Malam ne, maigidana, ko mai kawo ruwa. Na taɓa ce wa maƙwabcinmu janaretansa ba zai kai sati ba, ya yi dariya, ranar Laraba ya mutu (janaretan nake nufi, maƙwabcin yana nan lafiya lau). Tun daga nan mata ke kira na Mai Kunne, ni kuma, in faɗi gaskiya, sunan ya hau mini kai.

Saura wata guda aurensa da Hadiza, wata yarinya 'yar Warra, sai ga kiransa da hantsi ina tsintar shinkafa.

"Yaya, na samu motar nan da nake ba ki labari."

Na san ta, don tun yana yaro yake zana irinta a bangon ɗaki da gawayi: 'yar gajeriya mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, irin ta masu son gudu. Na ce masa, "Wadda in ta shiga rami sai an ɗago ta da hannu?"

"Ita fa. Sai dai biyu na tarar, iri ɗaya, launi ɗaya. Ɗaya mai fetur, ɗaya mai gas. Na kasa zaɓa."

Ya shiga yi mini bayani. Wai mai fetur ta fi zafin tashi, ana taɓa ta take zabura, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Mai gas kuma ta fi jure doguwar tafiya, ba ta da ci, amma ba ko'ina ake samun mai gyaranta ba. Ya faɗi wasu abubuwan da yawa. Ni kuwa tun da ya ce gas hankalina ya tafi kicin, wajen tukunyar gas ɗina shuɗiya da Malam ya sayo mini bara. Kuma a 'yan kwanakin na ji a rediyo ana cewa yanzu akwai motocin da ke tafiya da gas. Sai na haɗa wannan da wancan, na ce a raina ashe zamanin har ya iso gidanmu.

Ya ce, "Bari in turo miki muryarsu, ke ce Mai Kunne."

Ya turo. Ta farko muryarta siririya ce, mai kaifi, tana hawa sama kamar ana zuga ta. Ta biyu kuwa gurnani take can ƙasa, da wani ɗan kaf-kaf-kaf a ciki, sak na manyan motocin da ke zuwa ɗaukar albasa. Nan take kunnena ya ce mini, wannan ai ƙanwar gingimari ce, dizal take sha. Na ce wa kunnena ya yi mini shiru, bai san sabon abu ba. (A gidanmu dai dizal muke ce wa man manyan motoci. Gas kuwa, a sanina, abin girki ne, ba shi da wani aiki.)

Na kira shi na ce, "Ɗauki mai gas."

"Kin tabbata, Yaya? Ni fa raina ya fi kwantawa da mai fetur."

"Kai dai ɗauki mai gas. Abin da ko a gida akwai shi? Ba za ka taɓa tsayawa a hanya ba in ina raye."

Ya yi dariya, ya ɗauka raha nake. Ya ce, "To, Yaya ta yanke." Washegari ya saye ta.

Daga ranar na shiga shiri. Na aika aka cika mini tukunyar nan taf, na goge ta har tana ƙyalli, na ajiye a ƙuryar ɗaki. Na koma girki da itace, sati uku cur, idona na hawaye, tufana na warin hayaƙi. Malam ya tambaye ni ko gas ya ƙare ne, na ce masa a'a, gudummawar biki ce, zai gani. Bai ƙara tambaya ba, don ya san ni. Matan unguwa kuwa babu wadda ban gaya wa ba. A gidan suna, a wajen kitso, har ta kan katanga: "Motar ango ai ni na zaɓa. Mai gas ce, irin ta yanzu. Ku ba ku san ta ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci motar ta iso, washegari za a tafi Warra ɗaurin aure. Tun tana kwanar layinmu na ji gurnaninta. Ƙofar gida ta cika: abokan ango, abokan Malam, maƙwabta, ga mata suna leƙe ta zaure. A kan tabarma kuma ga Kawu Atiku, kawun amarya, dattijo tsohon direban babbar mota, wanda ya zo musamman daga Warra don ya yi wa baƙi jagora. Wato surukinmu, mutumin da ko gaishe shi sai na durƙusa daga nesa.

Ina bayan ƙofa sai na ji Lawali, abokin Nasiru bakanike, yana cewa, "Ango, allurar gas ta kwanta fa. Sai mun biya an zuba kafin gobe."

Na ce a raina, lokacina ya yi.

Na shiga ɗaki na naɗe tukunyar da sabuwar atamfa, na yi gammo, na sa maƙwabciyata ta aza mini a ka, na riƙo tiyo a hannu. Ni da ba na fita cikin maza, ranar na ratsa zaure na fito tsakiyarsu, ina tafiya a hankali kamar mai kai lefe.

Na yi sallama na ce, "Ba inda za ku je. Lawali, buɗe but ɗin motar. Ta ina ake jona ta?"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mai kunne ai har shiru tana ji. Na ji carbin Malam ya tsaya. Na ji wata akuya tana tuƙa a bayan gida.

Kawu Atiku ne ya fara magana, cikin natsuwa. "Hajiya, girki za a yi muna cikin motar?"

Na ce, "A'a, Kawu, abincin motar ne. Ai mai gas ce. Ni na zaɓa."

Lawali ya juya mana baya ya dafa motar, kafaɗunsa suna rawa. Nasiru ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Yaya, gas ɗin mota fa dizal ne. Haka direbobi ke ce mai."

"Dizal na gingimari?"

"Shi."

Daga nan wani ya kasa riƙewa, sai gaba ɗaya wurin ya fashe, har matan zaure, waɗanda na ce ba su san irin ta yanzu ba. Kawu Atiku yana share hawaye da hannun riga ya ce, "Na tsufa kan sitiyari, ba a taɓa yi mini guzurin mai da atamfa ba. Wanga gida akwai karamci."

Abin da ya fi komai muni, ba na iya sauke tukunyar ni kaɗai. Cike take, ga nauyi. Ba damar gudu, ba damar sunkuyar da kai. Haka na tsaya ƙiƙam a gaban suruki, da tiyo a hannu, har Malam ya taso ya kama mini. Yana saukewa ya raɗa mini, "Sati uku muna cin tuwon hayaƙi saboda wannan?"

Na shige kicin na zauna a kan turmi. Dariyar ba ita ta fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron nan tun yana zane da gawayi yake jiran motarsa, ya ce mini mai fetur yake so, na hana shi, a kan abin da ban ma fahimta ba.

Can sai ga shi ya shigo, ya tsuguna a gabana kamar yadda yake yi yana ƙarami.

Na ce, "Auta, a mayar a canzo maka waccan."

"Ba a mayarwa, Yaya. Gaskiya waccan raina ya so, har na iso Kontagora ina tunaninta. Amma tun daga Kaduna ban tsaya gidan mai ba ko sau ɗaya. Kawu ma yanzu yake cewa, ga mai zirga-zirga tsakanin Kaduna da Warra, wagga ita ce daidai. Ya ce duk wanda ya zaɓa ya iya zaɓe."

"Bai ce ta iya ɗaukar kaya ba?"

Ya yi dariya. Na ce masa, "Wallahi tun a muryar da ka turo na ji dizal ce."

"To mi ya hana ki faɗa?"

"So na yi in zama 'yar zamani."

Tukunyar dai ta je Warra, amma a motar kayan amarya, don Kawu Atiku cewa ya yi kyautar da ta riga ta fito ba ta komawa ɗaki. Har yau da ita Hadiza ke girki, ni kuma sai da na ƙara wata biyu a kan itace kafin Malam ya huce ya sayo wata. Motar tana nan lafiya, in ta taso tun daga kwanar layi nake jin ta, sai in aza ruwan shayi. Sunana kuma ya tashi daga Mai Kunne ya koma Hajiya Silinda, wato mai tukunyar gas, har Kawu Atiku in ya aiko gaisuwa haka yake cewa.

Abin da na koya shi ne, kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba, bakina ne ke riga shi. Yanzu ko maƙwabciya ce ta leƙo ta ce in ara mata gas, sai na tambaye ta, "Wanne? Na tuwo ko na tafiya?"