Garin Kuka a Lagireto

Lagireton tsohuwar motata, mai gudun nan da iyali ke cewa in sayar, ya fara yoyo. Na rantse ba bakaniken da zai taɓa ta. Wani direba ya ce cokalin garin kuka yana toshe huda. Ni mai son aiki da ƙarko, na juye rabin kwano.

A Gagarawa, ina ɗauke da surukina za mu ɗaurin aure, motar ta tafasa. Na ɗaga bonet, koren ruwa mai yauƙi na malala. Surukina ya fita, ya tare tasi. Wani mai shayi ya leƙo: "Maigida, daddawa ka manta."

Na wanke ta, ta tashi, har yau tana gudu. Amma duk gidan man da na tsaya a Gumel, sai an tambaya: "Miya ta dahu? Mu kawo tuwo?"